Holi da Azumin Juma'a: Tarken Fina-finan Indiya Biyu na 1975

Gabatarwa

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wata gardama da ta ɓarke a zaman ƙungiyarmu na zangon da ya wuce. Muna cikin tattauna tasirin fim ɗin Indiya a kan ƙagaggun labaranmu, sai wani ɗan'uwa ya miƙe ya ce shi bai ga abin nazari a ciki ba, ai daga rawa sai watsa wa juna hoda, sa'an nan a koma gaban gunki a kaɗa ƙararrawa. Aka yi dariya, aka tafa masa. Ni dai na yi shiru, domin ba da daɗewa ba ni ma ra'ayina ke nan.

Na tashi a hannun kawuna, wanda a zamanin samartakarsa ba ya fashin silimar Plaza a Kano. Bai san kalma goma ta harshen Hindi ba, amma zai ba ka labarin Sholay daga farko har ƙarshe, yana kiran Dharmendra da sunan da Kanawa suka raɗa masa, watau Sarkin Ƙarfi. Wurin da aka yi bikin Holi kuwa "wasan kala" yake ce masa, ni ma haka na ɗauka. Sai da na yi aikin hutu a wata masana'anta a Sharaɗa na ga wata kalanda rataye a ofishin wani injiniya Ba'indiye, kowace rana da ƙananan rubuce-rubuce da hoton wata. Na tambaye shi, ya zaunar da ni ya yi mini bayani. Da na koma na sake kallon Sholay, sai na tarar ashe rabin maganar da fim ɗin yake yi ta bi ta bayan kunnenmu.

Ra'ayin da nake so in kare a wannan maƙala shi ne: marubucin fim ɗin Indiya yana ɗora labarinsa a kan kalandar addininsa kamar yadda mawaƙi yake ɗora baiti a kan kari. Wanda bai san karin ba kuwa, ba ya iya cewa ga inda waƙa ta zauna ga inda ta karye. Zan gwada wannan ra'ayi a kan fina-finai biyu da suka fito a shekara guda, 1975, watau Sholay da Jai Santoshi Maa. Ma'aunina mai sauƙi ne. A zare bikin ko bautar daga cikin fim a gani. In labarin ya rushe, to ginshiƙi ne. In ya tsaya cas, to ado ne kurum. Mai karatu ya sani cewa sanin abu daban, bin sa daban. Aikinmu a nan nazari ne.

Yadda Shekararsu Take

Ƙidayar jama'a ta 2011 ta nuna kusan kashi 80 cikin 100 na mutanen Indiya mabiya addinin Hindu ne, Musulmi kuwa sun ɗan haura kashi 14. Kalandar da Hindu suke bi wajen ibada ta wata ce, wata 12, kowane an raba shi biyu: rabin da wata yake girma da rabin da yake raguwa. Mun sani shekarar wata kwana 354 ce, ta rana kuwa 365. Mu a lissafin Hijira mun bar wannan ratar ta kwana 11, shi ya sa azumi yake zagayawa, ya zo da sanyi ya zo da bazara. Su kuwa bayan kusan kowace shekara uku sai su cusa wata na 13 don su cike ratar. Saboda haka kowane biki nasu a ɗaure yake da yanayinsa. Wannan muhimmi ne ga mai kallo, domin da zarar an nuna biki, Ba'indiye ya san lokacin shekara, ya san ko an yi girbi ko ana jiran ruwa, ba sai an faɗa masa ba.

Ga manyan bukukuwan a jere. Wajen 14 ga Janairu akwai Makar Sankranti, wanda shi da rana ake lissafa shi. A Fabrairu ko Maris akwai Maha Shivaratri, daren da ake raya wa Shiva. Ranar da watan Falguna ya cika, galibi a Maris, ita ce Holi. Sai Ram Navami, ranar haihuwar Rama, a Maris ko Afrilu. Da damina ta kankama, ranar cikar watan Sharawana, sai Raksha Bandhan, inda mace take ɗaura wa ɗan'uwanta zare a wuyan hannu, shi kuma ya ɗauki alkawarin kare ta. Kwana takwas bayan haka sai Janmashtami, haihuwar Krishna, lokacin da samarin Mumbai suke hawa kafaɗun juna don su fasa tukunyar nono da aka rataye a sama. Sai Ganesh Chaturthi mai kwana 10, wanda ake rufewa da kai gumakan Ganesha cikin ruwa. Ƙarshen damina akwai dare tara na Navaratri, rana ta goma ita ce Dussehra, a arewa a ƙona mutum-mutumin Ravana, a Bengal kuwa a yi ban kwana da Durga. Bayan kwana 20 sai Diwali, bikin fitilu, a daren da babu wata sam, a Oktoba ko Nuwamba, ranar da 'yan kasuwa suke buɗe sabon littafin lissafi suna roƙon Lakshmi arziki.

Ita bautar yau da kullum ana ce mata puja. Mai bauta yakan ɗauki abin bautarsa tamkar babban baƙo: a yi masa wanka, a sa masa tufafi, a miƙa masa furanni da turaren wuta da abinci. Sai a kunna fitila a kan faranti a riƙa zagayawa da ita a gabansa ana waƙa, wannan shi ne arati. Abincin da aka miƙa kuwa ana raba wa jama'a a matsayin tabarraki, sunansa prasad. Akwai kuma abin da suke kira darshan, watau mai bauta ya kalli idon gunkin, a imaninsa shi ma ana kallonsa. Na ƙarshe shi ne vrat, azumin bakance wanda mata suka fi yi, a wata rana ta mako ko ta wata, don neman biyan wata bukata. Mai karatu ya riƙe kalmomin nan biyu na ƙarshe, za mu bukace su.

Sholay da Bikin Holi

Sholay ya fito ranar 15 ga Agusta, 1975. Ramesh Sippy ne ya ba da umarni, Salim Khan da Javed Akhtar suka rubuta. Labarin sananne ne: Thakur, tsohon sufeton 'yan sanda, ya yi hayar ɓarayi biyu, Jai da Veeru, su kamo masa ɗan fashi Gabbar Singh da rai, wanda ya addabi ƙauyen Ramgarh.

A duba inda aka ajiye Holi a zubin labarin. Gabbar ya aiki yaransa uku karɓar hatsi, Jai da Veeru suka koro su. Ya harbe su ukun da hannunsa, sa'an nan ya juya ya tambayi sauran yaushe ne Holi. Daga nan sai hoto ya yanke, ga ƙauye ya cika da launi da kiɗa. Kawuna yana ɗaukar waƙar nan a matsayin hutu, lokacin sayen gyaɗa. Ba'indiye kuwa zuciyarsa bugawa take yi, domin ya san me tambayar take nufi. Holi ita ce ranar da ake sassauta kowace doka: yaro ya shafa wa babba hoda, bara ya jiƙa ubangidansa, masu gaba su rungumi juna, wasu su sha abin sha da aka haɗa da ganyen wiwi. Ranar da gari ya ajiye tsaro ke nan. Ɗan fashin ya zaɓi ranar da aka keɓe don yafe wa juna ya mai da ita ranar zubar da jini.

Akwai wata ma'anar a ƙasan wannan. A daren jajibirin Holi ana hura babbar wuta don tunawa da labarin Prahlad, yaron da ubansa, azzalumin sarki Hiranyakashipu, ya so ya hallaka saboda ya ƙi bauta masa. 'Yar'uwar sarkin, Holika, wadda aka ce wuta ba ta cinta, ta ɗauki yaron ta shiga wuta da shi, ita ta ƙone shi ya fita. Ashe bikin kansa labarin azzalumi ne da yake jin babu mai iya taɓa shi. Sunan fim ɗin ma ma'anarsa garwashi ko harshen wuta. A wannan ranar ce kuma aka tona asirin Thakur. Ana tsakiyar faɗa, bindiga na gabansa a ƙasa, bai ɗauka ya jefa wa yaran ba. Suka fusata za su bar garin, sai ya ba su labarin yadda Gabbar ya karkashe iyalinsa, mayafinsa ya faɗi, aka ga ba shi da hannuwa. Ka ga an ƙulla biki da hari da tonon asiri a igiya ɗaya.

Amma inda na fi sara wa marubutan shi ne wajen Radha, matar ɗan Thakur da aka kashe, wadda Jaya Bhaduri ta fito a matsayinta. A tsohuwar al'adar Hindu, musamman a manyan gidaje, macen da mijinta ya mutu takan shiga takabar da ba ta da ranar fita. Ta goge jan garin da matan aure suke sawa a tsagar gashi, ta cire awarwaro, ta sa fararen kaya har mutuwa, kuma ba ta shiga wasan Holi. Ana cikin waƙar, kowa ya rine, sai a hasko ta daga nesa, fara fat, ita kaɗai. Mu da muke ganin farin kaya a matsayin kayan Juma'a da Idi, ba abin da wannan hoton ya faɗa mana. Can gaba sai aka komar da mu baya, aka nuna ta tana budurwa, mai surutu, tana bin mutane da hoda a ranar Holi. Da launi kaɗai aka ba da tarihin rayuwarta, ba a kashe dogon zance ba. Wannan ita ce gwaninta. Don mai karatu ya san nauyin al'adar, sai a 2013 ne zawarawan da suke zaune a garin Vrindavan suka fito fili suka yi Holi da taimakon ƙungiyar Sulabh, har abin ya zama labari a jaridun ƙasar.

Ga kuma inda nake da ƙorafi. Fim ɗin ya kai mu har bakin gaɓa: Thakur da kansa ya je neman yardar mahaifinta don ta auri Jai. Sai marubutan suka ji tsoron tsallakawa, suka kashe Jai, Radha ta rufe tagarta, ta koma cikin farinta. An ɗaga tambaya mai nauyi an kuma binne ta da gawa. Wani zai ce ai mutuwar ce ta sa fim ɗin ya zauna a zuciya. Na yarda. Amma ina ganin ta kuma sauƙaƙa wa masu fim, ta raba su da fushin masu riƙo da al'ada.

A ma'auninmu dai, a zare Holi daga Sholay, harin ya zama hari kawai, Radha ta zama mace mai shiru ba dalili. Ginshiƙi ne.

Jai Santoshi Maa da Azumin Juma'a 16

Fim na biyu ya riga Sholay fitowa da 'yan watanni, a ƙarshen Mayu. Vijay Sharma ne ya ba da umarni. Ba shi da manyan taurari, ba a kashe masa kuɗi ba, dabarun hotonsa kuwa abin dariya ne ko a wancan zamani. Duk da haka ya shiga sahun fina-finan da suka fi kawo kuɗi a shekarar, kafaɗa da kafaɗa da Sholay. Masana sun daɗe suna tambayar dalili.

An buɗe shi da biki. Ranar Raksha Bandhan ce a gidan Ganesha, 'yar'uwarsa tana ɗaura masa zare, sai 'ya'yansa maza biyu suka tayar da rigima su ma suna son ƙanwar da za ta ɗaura musu. Ganesha ya yi ta nuƙu-nuƙu, daga baya ya samar da yarinya, aka sa mata suna Santoshi, watau ma'abuciyar wadatar zuci. A lura da wayon da aka yi a nan. Santoshi ba ta cikin tsofaffin littattafan addinin Hindu. Bautarta ta fara yaɗuwa ne tsakanin mata a arewacin Indiya wajen shekarun 1960, ta bakin maƙwabta da 'yan ƙananan littattafai na kasuwa. Baƙuwa ce, tana bukatar dangi. Sai fim ɗin ya nemo bikin da aka keɓe don 'yan'uwantaka ya shigo da ita ta ƙofarsa. Ya ba ta uba, ya ba ta ranar haihuwa a kalanda. Ya kuma yi haka ta hanyar nuna gidan da ake roƙon a haifi mace, a ƙasar da sau da yawa haihuwar mace ba abin murna ba ne saboda nauyin dukiyar da iyayenta suke biya wajen aurar da ita.

Daga nan labari ya sauko duniya. Satyavati, mai bautar Santoshi, ta auri Birju, autan maza bakwai, mawaƙi marar sana'a. Ranar da ya gane cewa sauran abincin yayyensa ake tara masa, ya yi zuciya ya bar gida neman arziki. Matarsa ta faɗa hannun facaloli. Suka ce mijinta ya mutu, suka mai da ita baiwa, abincinta gurasar dusa, ruwanta a ɓawon kwakwa. A sama kuma manyan ababen bauta mata uku, Lakshmi da Parvati da Brahmani, kishi ya kama su ganin wata ƙaramar yarinya tana kwashe musu mabiya, suka yi ta jefa Satyavati cikin masifa. Mafitarta ita ce vrat: azumin Juma'a 16 a jere, a miƙa mazarƙwaila da gasasshen wake irin nasu, kada a ci tsami kada a ba wani, in bukata ta biya a ciyar da yara maza takwas. Ta yi, miji ya dawo da dukiya. Ranar cika bakance facalolin suka matsa lemon tsami a abincin, 'ya'yansu da suka ci suka faɗi matattu, aka ce ita ta sa guba. Ta roƙi Santoshi, ta bayyana ta tashe su.

Ƙarfin wannan fim a wuri biyu yake. Na farko, zubinsa shi ne zubin ibadar kanta. Matar da ta kalle shi ta fito ta san ranar azumin, da adadinsa, da abin miƙawa, da abin da aka hana, da waƙar arati da Usha Mangeshkar ta rera. Kayan kuwa na 'yan kwabbai ne, ba a bukatar malamin bauta na ƙabilar Brahmin ya tsaya a tsakani. Philip Lutgendorf na Jami'ar Iowa, wanda ya yi dogon nazari a kan fim ɗin, ya nuna cewa matan talakawa da masu ƙaramin ƙarfi sun ga kansu a ciki sau biyu: a jikin amaryar da facaloli suka raina, da kuma a jikin abar bautar da manya suka raina. Rikicin sama hoton rikicin tsakar gida ne. Duk Bahaushiyar da ta zauna a gidan gandu za ta gane wannan ba tare da tafinta ba.

Na biyu shi ne darshan. Mai ɗaukar hoto yakan nuna fuskar Satyavati tana kallon sama, ya juya ya nuna fuskar Santoshi tana kallon mai kallo kai tsaye, ya sake komawa. Ga wanda ya yi imani cewa haɗa ido da abin bauta ibada ce, allon silima ya zama ɗakin bauta. Shi ya sa aka riƙa ganin mata suna tuɓe takalma a ƙofar silima, suna jifan allo da furanni da kwabbai, ita kuwa Anita Guha da ta fito a matsayin Santoshi mutane suka riƙa neman tabarrakinta. Abin ba sabo ba ne, domin fim ɗin Indiya na farko mai tsawo, Raja Harishchandra na Dadasaheb Phalke a 1913, daga labaran addini aka ɗauko shi, kuma an sake ganin irin wannan a 1987 lokacin da gidan talabijin na gwamnati ya fara nuna Ramayan na Ramanand Sagar kowace safiyar Lahadi.

Rauninsa kuma ba ɓoyayye ba ne. Darasin da yake koya wa macen da ake zalunta shi ne ta yi haƙuri ta ƙara azumi. Satyavati ba ta taɓa buɗe baki ta ce an cuce ta ba. Sunan abar bautar wadatar zuci, amma ladan da aka nuna gida ne na alfarma da gwala-gwalai, ka ga jigo ya saɓa da warwararsa. Haka nan ban ga adalcin labarin da yara za su mutu saboda tsamin da uwayensu suka matsa ba, ko da an tashe su daga baya. Wanda yake son ganin ɗaya fuskar sai ya nemi Devi na Satyajit Ray, na 1960. A can wani dattijo mai ƙasa a Bengal ya yi mafarki cewa matar ɗansa Kali ce ta bayyana, ya zaunar da ita ana bauta mata, aka kawo mata jikansa marar lafiya maimakon a kai shi ga likita, yaron ya mutu, ita kuma ta zauce. Ray ya tambayi abin da Vijay Sharma bai yarda ya tambaya ba. Duk da haka, a ma'auninmu, in ka zare vrat daga Jai Santoshi Maa babu abin da zai saura.

Inda Biki Ya Zama Ado

Kada a ɗauka kowane fim haka yake. Waɗanda suka san aikinsu sun ci gaba da amfani da kalandar. A Silsila na 1981, a ranar Holi ne buguwa ta sa Amitabh Bachchan ya fallasa son da yake yi wa matar wani a gaban mijinta da tasa matar. A Satya na 1998 an yi wani babban kisa ne cikin cunkoson masu kai Ganesha teku a Mumbai, bikin da Bal Gangadhar Tilak ya fitar da shi daga gidaje zuwa titi a 1893 don haɗa kan jama'a a zamanin mulkin Ingila. A Kahaani na 2012, matar da ta zo Kalkata ɗaukar fansa ta kashe abokin gabarta a ranar ƙarshe ta bikin Durga, wadda aka sani da kashe aljanin nan Mahishasura, sa'an nan ta ɓace cikin ɗaruruwan mata masu kaya iri ɗaya da nata.

Amma daga shekarun 1990 wani salo ya shigo. A ɗauki Kabhi Khushi Kabhie Gham na 2001, inda aka yi Diwali a wani gida kamar fadar sarki, ɗa ya sauko daga jirgi mai saukar ungulu, uwa tana jiransa da farantin arati. A mai da ranar ta zama bikin suna ko na cika shekara, ba abin da zai canza sai launin kaya. Dilwale Dulhania Le Jayenge na 1995 ya fi shi dabara, domin ya yi amfani da Karva Chauth, azumin da matar aure take yi daga fitowar rana har ta ga wata don tsawon ran mijinta: yarinyar ta yi suman ƙarya don saurayinta ya zama shi ne mai ba ta ruwan buɗa baki, ba wanda aka yi mata baiko da shi ba. Sai dai wannan azumi na arewa ne, musamman Punjab da maƙwabtanta, fim ne ya tallata shi har ya zama kamar na ƙasa duka.

Wannan ya kawo mu ga babban aibin silimar Mumbai. Kalandar da take nuna mana ta masu hali ce na arewa da yamma. Da wuya ka ga Pongal na Tamil Nadu, ko Onam na Kerala, ko Chhath na Bihar. Da wuya kuma ta gaya maka cewa akwai waɗanda aka daɗe ana hana su taka ƙofar ɗakin bauta saboda asalinsu, har B. R. Ambedkar ya jagoranci zanga-zanga a ƙofar ɗakin bautar Kalaram a Nashik a 1930, kafin tsarin mulkin 1950 ya haramta ƙyamar. Wanda ya san addinin Hindu ta fim kaɗai, ya san falon gidan ne, bai leƙa bayan gida ba.

Abin da Ya Shafe Mu

Ɗan'uwan da ya yi magana a zamanmu da masu kwaikwayon rawar Indiya a fina-finanmu kuskure ɗaya suka yi, ko da yake ɗaya ƙi yake yi ɗaya so. Dukansu sun ɗauka fatar ita ce naman. Mai kwaikwayo ya ɗebo zagaya fitila da watsa furanni da rawar da'ira, bai san wasunsu ibada ba ne a wurin masu su, ya zuba a labarin da ba su da gurbi. Mai ƙi kuma ya yi watsi da darasin da ya fi kowane amfani. Masu bandiri na Kano sun fi su basira, da suka ɗauki karin waƙoƙin Indiya kaɗai suka zuba masa yabon Annabi, domin sun san abin da suka ɗauka da abin da suka bari.

Darasin kuwa shi ne a san shekarar mutanen da ake ba labarinsu. Mu ma muna da tamu: azumi da tashe, daren sallah da hawanta, cika-ciki, takutaha, saukar ruwan fari, kaka da auren da take kawowa, dambe da kokawar bayan girbi. Labarai nawa ne a cikin namu za su rushe in an zare musu watan da suka faru? Galibinsu ba su da wata ma, ba rani ba damina. A tuna Salim Khan da Javed Akhtar daga gidajen Musulmi suka fito, haka nan shahararriyar waƙar bautar da ke cikin Baiju Bawra na 1952 Shakeel Badayuni ya rubuta, Naushad ya yi kiɗa, Mohammed Rafi ya rera. Sun nazarci al'adar maƙwabtansu har suka iya gina labari a kanta. Mu tamu ce ma muke wa kallon sama-sama.

Kammalawa

A taƙaice na yi ƙoƙarin nuna cewa Sholay ya ɗauki biki guda ya mai da shi mahaɗar labarinsa, Jai Santoshi Maa kuwa ya ɗauki ibada guda ya mai da ita labarin gaba ɗaya, kowanne da ƙarfinsa da inda ya kasa. In za a tambaye ni wanne ya fi, zan ce Sholay ya fi gwaninta nesa ba kusa ba, amma ɗayan ya fi shi sanin waɗanda yake yi wa magana. Da na kai wa kawuna bayanin fararen kayan Radha, ya yi shiru, can ya ce shekara da shekaru yana tsammani tsabta ce kawai take da ita. Ya sa na nemo masa fim ɗin muka sake kallo, da aka zo waƙar Holi bai tashi ba.

Ina fata ɗan'uwan da ya tayar da maganar zai mayar mini da martani a fitowa ta gaba, filin na kowa ne. A nan zan dasa aya. Allah ya ƙara mana fahimta, amin.